Shaidar Wanda Bai Halarta Ba: Sharhi a Kan Zaɓen Samfuri Bisa Manufa a Kundayen Zakkar Noma na Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan yadda ɗaliban nazarin addinin Musulunci ke amfani da dabarar zaɓen samfuri bisa manufa, musamman a kundayen da suka shafi zakkar amfanin gona a kudancin Jihar Katsina. Maƙalar ta amince da ingancin dabarar, ta kuma nuna cewa tana da tushe a aikin malaman hadisi da na usulu. Sai dai ta lura da cewa mafi yawan masu ambatonta ba sa bayyana manufar da suka yi zaɓen a kanta, kuma sukan tambayi masanin hukunci abin da mai aikatawa ne kaɗai ya sani. An kawo naƙasu huɗu, an auna uzurin ɗalibai, sannan aka ba da shawara ga masu duba aiki.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, sassan nazarin addinin Musulunci na jami'o'inmu sun daɗe da wuce zamanin da kundin digiri ke ƙarewa a ɗakin karatu. Yanzu ana tura ɗalibi ƙauye ya gano yadda jama'a ke raba gado, ko fitar da zakka, ko ƙulla cinikin bashi. Wannan ci gaba ne, domin hukunci ba ya sauka a sarari, a kan wani aiki na wasu mutane yake sauka.

A babi na uku na irin waɗannan kundaye akwai jumla guda da kusan ba ta sauyawa: an zaɓi waɗanda aka tattauna da su ne bisa manufa. Daga nan sai a wuce. A wani zaman kare kundi da na halarta, ɗalibin ya yi aiki a kan yadda manoman wata gunduma ta yankin Funtuwa ke fitar da zakkar hatsi. Da na duba jerin mutanen da ya yi hira da su, sai na tarar da limamai da malaman zaure da dagaci, da wasu manyan manoma da ke zaune a cikin gari. Na tambaye shi dalilin wannan zaɓe, ya ce ai su ne suka san zakka. Amsar tasa gaskiya ce idan hukuncin zakka yake nema, amma taken kundinsa a kan abin da manoma ke aikatawa ne. Wannan rata da ke tsakanin tambaya da wanda aka yi wa ita, ita ce abin da maƙalar za ta yi sharhi a kai.

2.0 Abin da Dabarar Take Nufi

Larabawa masu rubutu a kan dabarun bincike na kiran wannan hanya al-ayyinatul ƙasdiyya. Ma'anarta ita ce mai bincike ya zaɓi mutane ƙalilan da gangan, saboda ya san a wurinsu ne bayanin da yake nema ya taru. Ta saɓa wa zaɓen ƙuri'a na binciken ƙididdiga, inda ake ba kowane mutum dama iri ɗaya ta shiga, domin a iya ɗora sakamakon a kan jama'a duka. Bincike bi-bayani zurfi yake nema, wato dalili da yanayi da yadda mutane suka fahimci abin da suke yi.

Barney Glaser da Anselm Strauss, a littafinsu na 1967, sun koyar da cewa abin da hira ta farko ta fito da shi ne ke nuna wanda ya kamata a nema na gaba, kuma ba a tsayawa sai sababbin hirarraki sun daina kawo sabon abu. Michael Quinn Patton, a bugun littafinsa na 1990, ya jera nau'o'in wannan zaɓe. Daga ciki akwai neman mutanen da suka fi bambanta da juna, da neman wanda ya fita daban, da neman wanda zai rushe abin da mai bincike ya fara zato. Ya ambaci ɗaukar wanda ya fi sauƙin samu, ya kuma sanya shi a mafi raunin matsayi. Abin lura shi ne kowane nau'i yana ɗora wa mai bincike nauyin faɗar dalilinsa. Wanda ya ce ya yi zaɓe bisa manufa bai faɗi manufar ba, ya yi da'awa ne babu hujja.

3.0 Tushenta a Wajen Malamanmu

Ɗalibin shari'a bai kamata ya ji wannan dabara baƙuwa ba. Lokacin da Muhajirai da Ansar suka yi saɓani a kan abin da ke wajabta wanka, Abu Musal Ash'ari (RA) ya tafi wurin Nana A'isha (RA) ne, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, domin ita ce ke da ilimin wannan fage. Sayyidina Umar (RA), da yake son ƙayyade wa mayaƙa wa'adin nisanta da iyalansu, 'yarsa Hafsa (RA) ya tambaya. Manyan sahabbai maza suna nan kewaye da shi, amma tambayar ta shafi halin mata, sai ya kai ta ga mace. Jabir ɗan Abdullahi (RA) kuwa tafiyar wata guda ya yi zuwa ga Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya, kuma Haɗibul Bagdadi ya tara irin waɗannan labarai a littafinsa na tafiya neman hadisi.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne aikin mutanen Madina a mazhabar Imam Malik. Malik ya fifita shaidar gari guda a kan sauran garuruwa, ya kuma faɗi dalilinsa a wasiƙar da ya aika wa Laisu ɗan Sa'ad: can ne aka yi hijira, can ne hukunce-hukunce suka sauka, kuma mutanenta sun gaji aikin hannu da hannu. Saboda ya bayyana dalilin ne Laisu ya sami abin da zai yi wa raddi, inda ya nuna cewa sahabbai da yawa sun watsu a Masar da Sham da Iraƙi ɗauke da iliminsu. Ibnul Ƙayyim ya kawo wannan amsa a I'ilamul Muwaƙƙi'ina. Daga baya Alƙali Iyad ya bambanta aikin Madina da aka gada ta hanyar naƙali, kamar awon sa'i da mudu da rashin karɓar zakka a kayan lambu, da aikin da aka gina a kan ijtihadi. An kuma ruwaito cewa Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya koma ga ra'ayin Malik a kan girman sa'i bayan mutanen Madina sun fito masa da ma'aunan da suka gada daga iyayensu. Waɗanda aka tambaya a nan magidanta ne masu awon hatsi, kuma shaidarsu ta yi ƙarfi domin a kan abin da ke hannunsu suka ba da ita.

Malaman usulu sun ƙara mana ƙa'idoji biyu. Ta farko ita ce bambanci tsakanin istiƙra'i cikakke da tauyayye: wanda ya bi wasu ɗaiɗaiku ya bar wasu, zato yake samu, kuma ƙarfin zaton na bin yadda ya yi zaɓen. Ta biyu ita ce abin da Shaɗibi ya yi bayani a Al-Muwafaƙat game da tahƙiƙul manaɗi, wato tabbatar da cewa abin da ke gabanmu shi ne wanda hukuncin ya rataya a kansa. Ya nuna cewa wannan aiki na buƙatar sanin abin kansa, ko da mai sanin ba masanin shari'a ba ne. Binciken fili a fagenmu hidima ce ga wannan mataki, saboda haka shaidunsa su ne ma'abota abin.

4.0 Abin da Ƙasar Take Buƙata

Yankin da ya haɗa Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙafur da Malumfashi ya yi suna da auduga tun zamanin Turawa, lokacin da aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo kuma ya ratsa Funtuwa daga Zariya zuwa Gusau. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Wannan shiri ya taimaka wajen yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, har masara ta zama babban amfanin yankin. Masara kuwa ba ta yi sai da taki, taki kuma sai da kuɗi, shi ya sa ƙaramin manomi kan shiga damina da bashi a wuyansa.

Daga wannan tarihi ne mas'alolin zakka na yankin suka taso. Nisabin hatsi wasƙi 5 ne, wato sa'i 300, wanda Shaihu Yusuf Ƙardawi ya ƙiyasta da kimanin kilo 653 na alkama a Fiƙhuz Zakati. Manomin masara na iya wuce wannan da 'yan buhuna, alhali kuɗin taki da na ƙwadago sun cinye mafi yawansu. A mashhurin mazhabar Malikiyya bashi ba ya kayar da zakkar amfanin gona, kamar yadda ɗalibin Risala ya sani. Shin manomi yana fitarwa kafin ya biya mai taki, ko bayan ya biya, ko yana ganin ta faɗi a kansa? Haka kuma Malikiyya sun taƙaita zakkar noma a kan nau'o'i 20, babu auduga a ciki, babu rake da tumatirin da Ɗanja ta shahara da su. Abu Hanifa ya wajabta ta a kan abin da ƙasa ta fitar in ban da 'yan abubuwa kaɗan, kuma Ibnul Arabi, duk da kasancewarsa Bamalike, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a Ahkamul Ƙur'an. Ga kuma gonar haya da ta aro da ta jingina, inda jumhur suka ɗora zakka a kan wanda ya noma, Abu Hanifa ya ɗora ta haya a kan mai gonar. Ga wanda ya ci falle, ya sayar da hatsinsa tun yana tsaye a gona. Kowace mas'ala daga cikin waɗannan tana nuna irin mutumin da ya wajaba a nema: mai bashin taki, manomin auduga, mai noman rani, ɗan haya, da wanda ya ci falle. Jerin da babu su a ciki bai dace da ƙasar ba.

5.0 Naƙasun da Ake Yawan Gani

5.1 Tambayar Masanin Hukunci Game da Aikin Wani

Liman ya san abin da ya wajaba, ya kuma san waɗanda suka kawo masa zakka ko suka zo neman fatawa. Bai san abin da ya faru a bakin rumbu ba, ko damin da aka miƙa wa surukai da 'yan ƙwadago da sunan zakka. Idan ya ce manoman garinsa na fitarwa ko ba sa fitarwa, labari yake bayarwa a kan abin da bai halarta ba. A ma'aunin malaman hadisi wannan isnadi ne mai yankewa, ko da mai ruwayar amintacce ne. Adalcin mutum da tsoron Allahnsa ba sa maye gurbin ganin ido.

5.2 Miƙa Zaɓen ga Mai Gari

Ladabin shiga ƙauye ya hukunta a fara gaida dagaci ko mai unguwa, kuma wannan daidai ne. Kuskuren na zuwa ne idan aka bar masa zaɓen waɗanda za a yi hira da su. Zai kira mutanen da ba za su kunyata garin ba, masu rufin asiri da iya magana, kuma sau da yawa a ƙofar gidansa za a yi hirar. Wane talaka ne zai faɗa a gaban dagaci da liman cewa bana bai fitar da zakka ba saboda mai taki ya kwashe buhunan? A nan manufar mai gari ce ta yi aiki, ɗalibi kuwa ya rubuta ta da sunansa. Yana da kyau a tuna cewa ɗaya daga cikin sukar da masana suka yi wa shirin noma na Funtuwa shi ne ya karkata hidimarsa ga manyan manoma da waɗanda ya kira masu karɓar sabon tsari. Abin kunya ne bincikenmu na zakka, wanda haƙƙin talaka ne asalinsa, ya maimaita wannan karkata.

5.3 Ƙoshi na Ƙarya

Ɗalibai sun koyi rubuta cewa sun tsaya ne domin amsoshi sun fara maimaituwa. Amma idan duk waɗanda aka tambaya almajiran zaure ɗaya ne, ko 'yan masallaci ɗaya, maimaituwar amsa ba ta tabbatar da komai. Malaman illolin hadisi sun san cewa hanyoyi goma da suka koma ga mutum guda hanya ɗaya ce, kuma daga sharuɗɗan tawaturi akwai rashin yiwuwar haɗa baki ko ɗauka daga tushe guda. A garuruwanmu akwai mabiya Tijjaniyya da Ƙadiriyya da Izala da wasunsu, kuma wa'azin da mutum ke saurara na tasiri a kan yadda ya fahimci zakkar auduga ko cire kuɗin taki. Ɗalibin da ya tsaya a cikin jama'arsa zai ƙoshi da wuri, domin muryarsa yake ji tana dawo masa.

Babban giɓi a nan shi ne mata. Polly Hill ta ja hankali tun 1969 a kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gidajensu, wanda mai kallon kasuwa ba ya gani. Mata na mallakar gonaki ta hanyar gado, suna ajiye hatsi, suna ba da bashi, kuma zawarawa da iyayen marayu na sahun gaba a masu karɓar zakka. Kundin da ya yi magana a kan tasirin zakka wajen rage talauci ba tare da jin ta bakin mai karɓa ko ɗaya ba, ya saurari mai bayarwa ne yana yabon kyautarsa.

5.4 Sanya wa Zaɓen Ganganci Rigar Ƙididdiga

Wannan shi ne naƙasu mafi haɗari. A ɗauka ɗalibi ya zaɓi mutum 20 da hannunsa, 15 suka ce suna fitar da zakka. Sai ya zana jadawali ya rubuta kashi 75 cikin 100, a babi na biyar kuma jumlar ta rikiɗe ta zama hukunci a kan manoman ƙaramar hukuma baki ɗaya. Lissafin daidai ne a kan mutum 20 ɗin, amma da ya sauya biyar daga cikinsu da adadin ya sauya, kuma shi ne ya zaɓe su. Irin wannan adadi ba ya zama a kan kanta. Wani ɗalibi zai ɗauko shi, mai wa'azi ya faɗe shi a kan mumbari, kwamitin zakka ya gina tsari a kansa. Idan adadin ya yi sama, an ɓoye matsalar da ke buƙatar fatawa. Idan ya yi ƙasa, an tuhumi Musulmi da barin rukunin addini ba da hujja ba, alhali muna ƙarƙashin umarnin tabbatar da labari da ke cikin Suratul Hujurati.

6.0 Waɗanda Suka Rigaye Mu a Wannan Ƙasa

Ƙarancin adadi ba aibi ba ne, kuma ayyukan da aka yi a ƙasar Hausa sun shaida haka. Mary Smith ta gina littafin Baba of Karo na 1954 a kan tarihin rayuwar tsohuwa guda, kuma har yau ana komawa gare shi, domin an bayyana ko wace ce ita, da inda ta rayu, da iyakar abin da ta gani. Polly Hill, a aikinta na Batagarawa da ya fito a 1972, ta kasa magidantan garin rukuni huɗu gwargwadon ƙarfinsu, saboda kada muryar mai hali ta danne ta marar shi. Paul Clough ya zauna a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya riƙa komawa bayan haka, kafin ya fitar da littafinsa a 2014 a kan fatauci da bashi da tara dukiya a karkara. Ba dole ne mu yarda da duk fassarar da waɗannan baƙi suka yi wa al'ummarmu ba, kuma akwai abubuwan fiƙihu da ɗalibinmu zai gane su kuwa su wuce su. Darasin da ke cikin aikinsu shi ne mai karatu ya san wanda aka tambaya da dalilin tambayarsa, don haka yana iya yarda ko ya yi jayayya bisa sani.

7.0 Uzurin Ɗalibai da Iyakarsa

Adalci ya sa a faɗi cewa ɗalibanmu na aiki cikin ƙunci. Yawancinsu da kuɗin aljihunsu suke zirga-zirga. Babu cikakken jerin sunayen manoma da za a yi ƙuri'a a kansa, wanda hakan ma hujja ce ta komawa ga zaɓe bisa manufa. Namiji baƙo ba ya shiga gidan kulle. Sama da duka akwai matsalar tsaro a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, kuma tun bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 babu mai duba aikin da zai tura ɗalibinsa daji da sunan ilimi. Kiyaye rai na gaba da kammala kundi.

Sai dai uzuri na halatta taƙaita aiki ne, ba ya halatta ɓoye taƙaitawar. Wanda bai iya wuce garuruwan bakin titi ba, ya faɗi haka a takensa da sakamakonsa. Manoman da rikici ya raba da ƙauyukansu da yawa suna zaune a cikin Funtuwa da sauran manyan garuruwa, ana iya samunsu lafiya, kuma a bakinsu ne ake jin mas'alar da littattafanmu ke jiran a yi mata tahƙiƙi: matsayin hatsin da aka ƙwace, da kuɗin da aka tilasta wa manomi biya kafin ya girbe gonarsa. Batun mata kuma ana warware shi da ɗaliba ko malamar Islamiyya da aka horar ta yi hirar. Duk waɗannan ba su fi ƙarfin ɗalibin digiri na biyu ba.

8.0 Kammalawa

Nauyin gyara na kan masu duba aiki da masu jarrabawa kafin ɗalibai, domin mu ne muke sa hannu. Ina ba da shawarar kada a karɓi jumlar zaɓe bisa manufa sai da abubuwa huɗu a rubuce: siffofin da aka yi zaɓen a kansu da alaƙar kowace da tambayar bincike, hanyar da aka bi aka kai ga kowane mutum da wurin da aka yi hirar, rukunin da ba a samu ba da dalilin rashinsa, da kuma aƙalla mutum guda da aka nema domin ya saɓa wa abin da ɗalibin ke zato. A kuma hana fitar da kaso cikin ɗari daga samfurin da aka zaɓa da hannu. Ya dace darasin dabarun bincike a sassanmu ya haɗa wannan babi da babin istiƙra'i da na illolin hadisi, domin ɗalibi ya gane cewa amana ɗaya ce. Ƙarafi ya gargaɗi mai fatawa da kada ya amsa wa baƙo sai ya tambayi al'adar garinsa. Kundayenmu ne ya kamata su zama amsar wannan tambaya ga malaman da za su yi fatawa a kan masarar Ɗandume da audugar Malumfashi, saboda haka wajibi ne a ji ta daga bakin wanda ya noma, da wanda ya ci bashi, da wadda aka miƙa wa mudun. Allah ne Mafi sani.